Marka, Wadda Aka Kira Mayya

Duk wanda ya san bakin tafkin Madarumfa a shekarun baya ya san Marka mai kifi. Gindin wata tsamiya take zama, kusa da inda masunta ke jawo jiragensu, kasko bisa murhu, tarwaɗa da karfasa na tsuwa cikin mai, ga yaji a gefe. Doguwa ce baƙa, idanunta kullum jawur saboda hayaƙin itace. Ba ta da yawan magana, amma tana da hannun kyauta. Yaro ba ya tsayawa gabanta yana lasar leɓe ya tafi haka nan, ko kan kifi ne sai ta dangwala masa yaji ta miƙa masa.

Asalinta 'yar wani ƙauye ce a bayan Gabi, gidan Azna masu bin al'adar kakanni, waɗanda ke yi wa iskokin gida yanka kafin shuka. Aure ne ya kawo ta Madarumfa, gidan wani masunci mai suna Dogo. Sun yi zaman lafiya, sai dai ba su yi sa'ar 'ya'ya ba. Ta haihu da yawa, ƙasa ta karɓe ɗaya bayan ɗaya, wani ƙyanda, wani gudawa, wani ko suna ba a kai ga yi masa ba. Larai kaɗai ta tsaya. Ita ma da ta girma aka kai ta Ɗan Issa, gidan wani direban kamiyo, babbar motar kaya. Ba a daɗe ba tari ya kama Dogo, ya yi ta fama har rai ya yi halinsa. Marka ta gama takaba, ta koma gindin tsamiyarta, tana kwana a ɗakinta cikin gidan dangin miji.

Katanga ɗaya ta raba ta da wata maƙwabciya, Balaraba. Balaraba na da 'yar ƙaramar yarinya, Nafisa, wadda ko lakwal, makarantar boko, ba ta isa shiga ba. Yarinyar nan ta shaƙu da Marka ƙwarai. Da ta ji ƙarar kasko za ta biyo ta har bakin tafki, ta tsuguna gefe tana cewa, "Inna Marka, kai." Kan kifi take nufi, shi ne rabonta na kullum.

Wata damina mai yawan sauro zazzaɓi ya kama Nafisa. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi turare, jiki sai ƙara zafi yake yi kamar garwashi. Da abin ya hau mata ka sai ta fara sambatu, idanu a kakkafe, tana ta maimaita abu ɗaya: "Inna Marka, kai. Inna Marka, kai."

Matan da ke zaune a ɗakin suka dubi juna. Ba a san wadda ta fara furtawa ba, amma kafin hantsi ya dubi ludayi maganar ta zaga unguwa: yarinya ta kama suna. Marka ta kama kurwarta, ta riƙe mata kai.

Marka na wanke kasko suka shigo, maza da mata, Balaraba a gaba, ko ɗankwali babu. Ta zube gabanta tana kuka.

"Yaya Marka, ki dubi Allah ki sakar mini ɗiya. In wani laifi na yi miki, ni ki kama."

"In saki mi, Balaraba?"

"Sunanki take kira! Kowa ya ji!"

"Kan kihi take nema. Kullum haka take ce mini, ke ma kin sani."

Babu wanda ya saurare ta. Sai ga tsofaffin maganganu na fitowa kamar dama a bakin kowa suke. Wata ta ce ku dubi jan idonta. Wani ya ce ina 'ya'yanta, ina mijinta, ai ta cinye na gida ne ta fito waje. Wata ta ce dama daga gidan tsafi ta fito. Malam Abubakar, limamin unguwar, ya ji hayaniya ya zo da sandarsa yana cewa, "Jama'a, ku ji tsoron Allah, zato zunubi ne. Ku ɗauki yarinyar nan ku kai ta likita tun da sauran ƙarfinta." Aka ce masa to, Malam, za a kai, amma sai an fara sakin kurwa.

Suka ce ta tsallake yarinyar, ta kuma kurkure baki a ba ta ta sha, wai ta haka maye ke sakin wanda ya kama. Marka ta tsaya tana duban fuskokin mutanen da ta yi shekaru tana gaisawa da su. Ta ga in ta ƙi, za a ce ta ƙi saki. Ba ta yi tunanin in ta yi, za a ce ta amsa ba. Ta dubi Nafisa kwance a tabarma, ta ce a ranta, in wannan ne zai sa su kai ta likita, bari in yi. Ta tsallake. Ta kurkure baki. Wani ya ce, "Kun gani ko?"

Sai bayan azahar aka kai yarinyar likita. Ma'aikaciyar da ta duba ta ta ce zazzaɓin sauro ne ya hau kai, jini ya ƙare, an makara. Da dare ta cika, washegari aka binne ta. Maganar ma'aikaciyar ba ta wuce ƙofar likita ba, amma maganar tsallakewa ta kai har ƙauyuka.

Daga ranar duniya ta juya wa Marka baya. Masunta suka daina sayar mata da kifi, wanda ta tunkara sai ya ce an riga an saye. Ranar da ta samu ta soya, haka ya wuni a tire har ƙuda suka gaji. In ta biyo hanya, uwaye su janye 'ya'yansu cikin zaure. Yaran da ta saba ba kan kifi su ne ke leƙowa ta katanga suna cewa, "Kurwata kur, ki ci kanki, ki sha baƙin ruwa!" su ruga. Daga baya ƙanen mijinta ya same ta, yana magana yana kallon ƙasa, ya ce gidan akwai yara, matan sun ce ba za su iya zama ba.

Ta ɗaure kayanta ta nufi ƙauyensu, wurin yayanta Arziki. Ya karɓe ta a ƙofar gida, ya sa aka kawo mata ruwa, ya zauna.

"Marka, na san ba ki da wannan abu," in ji shi. "Amma kin san yadda ake cewa, maita a nono ake shanta. Nono ɗaya muka sha da ke. In kika zauna nan, gobe ni ne, jibi 'ya'yana. Ina da 'yan mata a gabana, wa zai neme su?"

"To ina zan tahi, Yaya?"

Ya shiga rumbu ya fito mata da damin gero, ya raka ta har bakin hanya, yana share ido da hannun riga.

Ta dawo Madarumfa don ba ta san ko'ina ba. Ta kafa 'yar bukkar kara a ƙarshen garake, wato lambuna, inda gari ya ƙare. Tana yin itace, tana kala a gonaki bayan girbi, wani lokaci Malam Abubakar ya aiko mata da tsaba. Sai ta wuni ba ta buɗe baki ta yi magana da kowa ba.

A bakin wasu mata masu wucewa ta ji Larai ta haihu, namiji, har an yi suna. Babu wanda ya aiko mata. Ta yi ta juya abin a rai, daga baya ta kasa daurewa. Ta nemi kanwa da 'yar citta saboda kunun mai jego, ta ƙulle a gefen zane, ta hau mota zuwa Ɗan Issa.

Uwar mijin Larai ce ta tare ta a zaure, ta tsaya ta cika ƙofa. Ta ce mai jego na barci. Marka ta ce za ta jira. Can sai ga Larai ta fito, ba jariri a hannunta, idanu sun kumbura. Ta durƙusa daga nesa.

"Inna, kin zo lahiya?"

"Lahiya lau. Ya jiki? Ya yaron?"

"Da sauƙi." Ta waiga baya, ta rage murya. "Inna, don Allah ki tahi. Sun ce in kika shiga, ko kika gan shi, ni ma in bi ki. Sun ce ni ma na sha."

Marka ta kwance ƙullin kanwa ta ajiye a ƙasa tsakaninsu. Ta ce, "Ki riƙa shan kunu da zafinsa." Ta juya. Daga can cikin gida ta ji kukan jariri, ba ta waiwaya ba.

Motar da ta samu ta komawa cike take maƙil, mutum kan mutum, buhu kan buhu. Kusa da ita wata mata ce mai matsakaicin shekaru, da goyo da tarin kaya. Da aka zo shingen duwan, 'yan kwastan masu binciken kaya, aka ce mai buhunan nan ta sauko. Matar ta kwance goyonta, ba ta yi wata-wata ba ta ɗora shi a cinyar Marka.

"Inna, riƙe mini shi."

Marka ta sandare. Ta ɗaga hannuwa sama kamar an ɗora mata wuta. Wani mutumin Madarumfa da ke kujerar baya ya yi gyaran murya ya ce, "Baiwar Allah, kin kuwa san wadda kika ba ɗanki?"

Matar ta juyo tana gyara zane. "Na san ta mana. Inna Marka ce mai kihi. Na sha cin tarwaɗarta." Ta sauka abinta.

Yaron ya dubi Marka, ya kama bakin mayafinta ya kai baki. Nauyinsa da ɗuminsa suka ratsa ta. A hankali ta sauke hannuwanta ta tallafe shi. Hawayen da ta hana fita a ƙofar gidan surukai suka zubo, har suna ɗiga a kan yaron, tana gogewa da sauri kada a ce wani abu ne. Da matar ta dawo ba ta karɓe shi ba. Ta ce ai ya samu wuri, a bar shi. Haka ya yi barci a jikin Marka har Madarumfa.

Sunan matar Rahila, mijinta Fasto Ishaya ne, mai kula da 'yar majami'ar Kirista da ke gefen gari. Bayan kwana biyu sai ga ta a bakin bukka da ƙwaryar fura. Ta zauna a ƙasa, ta dama, ta sha, ta miƙa wa Marka ludayin, da Marka ta sha ta sake karɓa ta sha.

Marka ta zuba mata ido. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ta ce, "Mi kike so gare ni?"

"Ba komi. Na ga kina zaune ke kaɗai ne."

"Ba ki tsoro?"

Rahila ta yi ɗan murmushi. "In ce miki gabana bai faɗi ba a motar nan, na yi ƙarya. Nan ƙasar aka haife ni, da labarin mayu na girma. Amma Yesu da nake bi, shi ma an ce da aljanu yake aiki. Mutanen garinsu suka kore shi. Kuma waɗanda kowa ke gudu, kutare da masu tabon hankali, shi da hannunsa yake taɓa su. To in na guje ki, da wane ido zan dube shi?"

Maganar cewa an taɓa yi wa wani babba irin ƙazafin da aka yi mata ta zauna wa Marka a rai.

Rahila ta ci gaba da zuwa. Ba ta matsa mata ba, sai wata rana ta ce in tana so ta zo ran Lahadi ta ji waƙa. Marka ta je, amma ba ta shiga ba, ta zauna waje gindin taga. Ɗaki ne na laka da rufin kwano, mutanen ba su da yawa: manoma kaɗan, wasu malaman lakwal da aiki ya kawo, mata da yara. Suna waƙa da Hausa, da ganga da tafi. Lahadi ta gaba ta zauna bakin ƙofa. Ta gaba Rahila ta kamo hannunta ta kai ta bencin mata.

Kada a ce nan take kowa ya rungume ta. Tana zama, wata mata mai suna Hannatu ta tattara 'ya'yanta ta koma ɗaya gefen. Da aka tashi aka kawo dambu za a ci tare, Marka na sa hannu Hannatu ta tsame nata. Fasto Ishaya ya gani, sai ya baro wurin maza, ya ɗebi dambu daga daidai inda Marka ta ci, ya kai baki, ya ce matan sun fi su samun mai daɗi. Aka yi dariya, wasu suka dawo da hannu. Hannatu ba ta dawo ba.

Wata rana bayan sujada Marka ta tsaya har kowa ya watse, ta tunkari faston.

"Malam, Allahn nan da kuke faɗi, ya san ban yi ba?"

"Ya sani, Inna," in ji shi. "Kuma ko da a ce kin yi, tunda kin zo gare shi, ba zai kore ki ba."

Ranta ya ɓaci. Ta ja mayafi ta fita. Ashe su ma suna zato! Ta ɗauke ƙafa, Lahadi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Da Rahila ta biyo sawu ta same ta zaune ta haɗa kai da gwiwa.

"Mijinki ya ce ko da na yi."

"Ba haka yake nufi ba, Inna."

"Na san abin da yake nufi." Sannan maganar da ba ta taɓa gaya wa kowa ba ta fito. "Rahila, an ce wani yana da maita bai sani ba. Tun da abin nan ya faru nake ƙirga su a raina, 'ya'yana, da Dogo, da Nafisa. Duk wanda na so sai ya tahi. Sai in ce, in fa gaskiya suka faɗa? In fa ni ce? Shi ya sa ban yi gardama ba da aka hana ni ganin jikana. Ni ma tsoron kaina nake yi."

Rahila ta matso ta riƙe hannuwanta biyu. "Sauro ya kashe Nafisa, ƙyanda ta kashe naki, kamar yadda ta kashe na mata da yawa a garin nan. Amma ko kin kasa yarda da wannan yau, ki riƙe ɗayar. Ba sai kin wanke kanki kafin ki zo ba. Yadda kike ɗin nan, da tsoron naki duka, haka yake son ki."

Marka ta ce daga baya, a ranar ne ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji. Shekara da shekaru tana neman wanda zai yarda ba ta yi ba. Ba ta san abin da ta fi bukata shi ne wurin da ba a kafa mata sharaɗi ba.

Bayan an yi ta koya mata, aka yi mata baftisma wata safiya a can ƙarshen tafki. Masunta na kallo daga jiragensu. Kafin rana ta yi tsaka gari ya ɗauka: mayya ta shiga Kirista, dama ina za ta. Da aka gaya mata sai ta ce, "Wanda ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi."

Abu ɗaya ya daɗe yana yi mata wuya. In aka zo wurin roƙon gafara a addu'a, inda ake cewa mu ma mun yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, sai ta rufe baki. Ta ce ba za ta yi wa Allah ƙarya ba. Haka ta yi ta yi har wata rana, a hanyar garake, ta tarar da Balaraba ita kaɗai tana kokawa da damin itace, ta kasa ɗagawa. Ta rame, ta tsufa fiye da shekarunta. Suka tsaya cirko-cirko.

"In ɗora miki?" in ji Marka.

Balaraba ta duba gabas ta duba yamma, babu kowa. Ta sunkuya. Marka ta kama gefe ɗaya suka ɗaga. Da kayan suka zauna a ka, Balaraba ta ce, ba tare da ta dube ta ba, "Har yanzu ina mafarkinta."

"Ni ma," in ji Marka.

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Balaraba ba ta nemi gafara ba, kuma ko yau in da mutane ba ta gaishe ta. Amma Marka ta ga uwa ce kawai da ɗiyarta ta mutu, ta rasa inda za ta ajiye zafin. Ranar Lahadin da ta biyo baya ta faɗi addu'ar har ƙarshe.

Yanzu tana zaune a wani ɗaki da masu bi suka gina mata bayan majami'a. Tana noman zogale da tumatir a garkar matan, ranar kasuwa su kai Maraɗi. Ba ta koma suyar kifi ba sai ran Kirsimati, ranar kuwa har Hannatu na miƙo kwano, ko da yake har yau ba ta bari 'ya'yanta su shiga ɗakin. Larai na kiran ta a salular Rahila in mijinta ya yi tafiya, ta kuma taɓa zuwa ita kaɗai da sunan zuwa kasuwa. Jikan dai a hoto kawai Marka ta san shi.

Bara da rani wani ɗan kabu-kabu mai babur ya tsaya ƙofar majami'a da wata tsohuwa a bayansa, da ƙullin tsummokaranta. Ya ce a hanyar Gabi ya tsince ta, an koro ta daga ƙauyensu bayan mutuwar wani saurayi, ya rasa inda zai kai ta, aka ce masa ya gwada nan. Sunanta Dije. Fasto na tunanin yadda za a yi, Marka ta riga ta ɗauki ƙullin ta shige da shi ɗakinta.

Dije Musulma ce, kuma tun ranar farko ta ce ita ba za ta bar sallarta ba. Marka ta ce wa ya tambaye ki? Marka ce ma ke ɗebo mata ruwan alwala in ƙafa ta hana ta zuwa rijiya. Suna nan tare, ba kullum ake shiri ba. Dije na da mita, Marka na da taurin kai. In ka bi ta bayan majami'a da yamma za ka ji su, ɗaya na cewa gishirin miyar nan ya yi yawa, ɗayar na cewa to gobe ke ki dafa.